Matakala Ta Goma Sha Bakwai

Akwai wani birkila da abokan aikinsa suke kira Ba-Gyara. Shekara ashirin da shida yana gini, kuma a faɗarsa ba a taɓa kiransa ya dawo ya gyara abin da hannunsa ya yi ba. Tsakani da Allah ya iya aiki. Matsalarsa ɗaya, ba ya gajiya da tuna wa mutane cewa ya iya.

Da aka tashi sabunta tsohon filin ƙwallon garinsu, shi aka ba matakalun da 'yan kallo za su riƙa hawa da sauka a ɓangaren gabas. Injiniyan aikin ya yi masa alkawari cewa in ya gama lafiya, shi zai zama shugaban birkiloli a sabon filin da za su gina a wani gari.

Ba-Gyara yana da ɗan guntun katako da ya yanka daidai tsayin matakala ɗaya. Da shi yake auna kowace matakala kafin a zuba kankare. Wata rana da tsakar rana katakon ya suɓuce ya faɗa can ƙasa, ga rana ta take, ga kafinta yana jira. Ya leƙa ya ga nisan wurin, sai ya nuna da yatsa.

"Buga a nan kawai. Idona ya fi tef ɗinka."

Kafinta ya buga, aka zuba kankare, aka wuce.

Aiki ya ƙare, aka yi fenti, masu duba gini suka zagaya suka sa hannu. Saura kwana tara a buɗe fili, wata dattijuwa mai sharar wurin ta same shi yana shan ruwa cikin ma'aikata.

"Malam birkila, matakalar nan ta goma sha bakwai tana kama mini ƙafa. Kullum sai na yi tuntuɓe a kanta."

"Inna, ko dai silifas ɗin ne ya tsufa?" in ji shi. Aka bushe da dariya.

"Da shi nake taka sauran ma," ta ce, ta ɗauki tsintsiyarta ta tafi.

Dariyar ba ta daɗe a bakinsa ba. Da aka watse cin abinci, ya saci jiki ya hau da tef a aljihu. Ya auna sau uku. Matakalar ta fi 'yan'uwanta tsayi da faɗin yatsa biyu.

Ya san sarai abin da yatsa biyu ke nufi. Mai saukowa ba ya kallon ƙasa. Ƙafa ce take koyon tsayin daga matakala biyu uku na farko, sai ta ci gaba da kanta. In wasa ya tashi dubban mutane suka nufo ƙofa suna turereniya, mutum ɗaya ya isa ya kifar da na gabansa.

Da yamma matarsa ta ga yana juya cokali a cikin kwano.

"Baban yara, yau abincin ne bai yi ba, ko mai cin ne?"

Ya gaya mata komai. Ya ƙara da cewa an riga an sa hannu, babu wanda ya sani, kuma in ya buɗe baki shugabancin nan ya tafi.

Ta tattara kwanuka, sannan ta ce, "Ka ce ranar buɗewa za ka kai mu. A wane ɓangare za ka zaunar da mu?"

"Yamma," ya ce da sauri.

"To, mutanen gabas ɗin ma akwai masu jiransu a gida."

Washegari ya sami Injiniya a tsaye cikin ma'aikata. Ya so ya ja shi gefe, sai ya tuna a gaban mutanen nan ya yi wa Inna dariya. Ya faɗa a nan, a gaban kowa: ya auna da ido, ya yi kuskure, sai an fasa.

Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya hau ya auna da kansa, ya sauko fuska a ɗaure. "Ka kyauta da ka faɗa. Amma ka sani, zancen shugabanci sai na sake tunani."

Ba-Gyara bai bar wa kowa gudumar ba. Kwana biyu yana fasawa da ɗaure katako, tef a hannu. Kafinta yana ta tsokanarsa, "Oga, a kawo tef ko idon ya isa?" Ya haɗiye, don ya san shi ya jawo. Ya kuma je ya ba Inna haƙuri. Ita ce ta fara taka matakalar da ta bushe, ta hau ta sauko, ta ce, "Yanzu ta zama kamar 'yan'uwanta."

Shugabancin dai wani aka ba, kuma abin ya yi masa ciwo sosai. Amma Injiniya ya kira shi ya ce, "Awon duk matakalun sabon filin kai nake so ka riƙe. Na san in ka ga kuskure za ka faɗa, ko da naka ne."

Ranar buɗewa fili ya cika maƙil. Ana busa tashi ya je ya tsaya a gefen matakala ta goma sha bakwai, idonsa a ƙasa. Ƙafafu suka yi ta kwararowa. Wani mutum ya sauko da 'yarsa a wuya, yana gardamar ƙwallon da aka hana, ko kallon inda yake takawa bai yi ba.

Ba-Gyara bai motsa ba har mutum na ƙarshe ya wuce. Babu wanda ya yi tuntuɓe. Sai a lokacin ya zauna a kan matakalar, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana kuskure, girman kai ne yake hana gyara shi. In an nuna maka aibin aikinka, ka je ka auna kafin ka yi dariya, ko wane ne ya faɗa. Ku tura wa duk wanda rayukan mutane suke bi ta kan aikin hannunsa.