Rahoton Gidan Marke da Kujera Ɗaya

Ku gyara zama, ga wani labari zan ba ku. Kada kowa ya yanke hukunci sai na kai ƙarshe, domin ku ne za ku yi alƙalancinsa.

A wani gidan rediyo an yi ma'aikata uku da suke cin abinci a kwano ɗaya. Akwai Lantana mai ɗauko rahoto, da Nafi'u na ɗakin labarai, da Uwani mai gabatar da shirin manoma na ranar Laraba, wadda ta girme su, suna ce mata Anti. A shekarar da nake ba ku labari, gidan ya sanar cewa zai rage ma'aikata, kuma sunayensu duka uku suna cikin takardar. Ana cikin haka sai wata ƙungiya ta yi shelar cewa za ta ba 'yan jarida horo na shekara guda, da tallafin yin aiki. Sharaɗinta shi ne a kawo rahoton da aka riga aka watsa, wanda bai tsaya ga kuka kan matsala ba. Sai ya nuna yadda wasu mutane suka tunkare ta, da hujjar cewa dabararsu tana aiki, da kuma inda ta gaza. Duk wanda ya samu, ya tsira da sana'arsa. Sai suka ce bari su haɗa hannu.

Lantana ce ta san labarin. Mahaifiyarta Bafulatana ce, daga wata ruga kusa da ƙauyen Gidan Marke. A can, shekara bakwai ba a zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya ba, alhali ƙauyukan kewaye kowace kaka sai an binne mutum. Dabararsu ƙarama ce. Idan manomi ya gama kwashe amfaninsa, sai ya ba mai kawo masa nono zangarniyar dawa guda, ta ɗora a kan faifan ƙwaryarta ta kai ruga. Ganin zangarniyar nan shi ne shaidar cewa an saki gonar, shanu su shiga su ci kara su bar taki. In ba a gan ta ba, ko saniya ɗaya ba ta taka gonar. Amma mutanen rugar ba sa magana da rikoda. Wata huɗu Lantana tana hawa babur zuwa can, tana kwana a bukkar Goggo Dija, tsohuwar da ta fara wannan tsari, tana taya ta kaɗa nono. Sai da kawunta ya tsaya gaban Arɗo, shugaban rugar, ya ce, "'Yar ƙanwata ce. In maganarta ta jawo mana wani abu, ni za a tambaya." Sannan matan suka buɗe baki. Ba don Lantana ba, da babu wanda ya ji muryarsu.

Nafi'u ya saurari abin da ta ɗauko, ya ce yana da daɗi, amma daɗi ba hujja ba ne. Ya bi kotun yankin da asibitin karkara, ya zauna cikin tsofaffin fayiloli yana ƙirga ƙararrakin ɓarnar gona da mutanen da aka kawo da sara, shekara bayan shekara, har ya tabbatar cewa a Gidan Marke abin ya ragu ƙwarai. A cikin binciken ne kuma ya gano inda dabarar ta gaza. A gabashin ƙauyen wani mai kuɗi ya sayi fili, ya ja wayar shinge ya cinye rabin burtali, wato hanyar da shanu suke bi. Shi ba ya shan nonon talla, ballantana ya aika zangarniya, kuma duk 'yar rigimar da ta rage a wajen wayarsa take. Mai filin nan Alhaji Tanimu ne, ƙanen mahaifin Nafi'u, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya sa shi makaranta, ya yi masa aure. Nafi'u ya je ya durƙusa ya nemi jin ta bakinsa. Alhaji ya ce, "Da biron da na saya maka za ka rubuta ni?" Nafi'u ya ce, "Baffa, in na cire wannan, sauran ya zama talla." Ya rubuta. Ba don Nafi'u ba, da ƙungiyar ko buɗe rahoton ba za ta yi ba.

Da aka gama haɗawa, manajan gidan ya saurara ya ce ba za a watsa ba, saboda Alhaji Tanimu ne mai ɗaukar nauyin labaran rana. Ranar rufe karɓar rahotanni saura kwana biyu, kuma babu wani gidan da zai saka shi cikin wannan lokaci. Uwani tana da rabin awa nata na kanta ranar Laraba, wanda ta yi shekara goma sha takwas tana riƙe da shi. Ta rubuta a takardar shiri cewa za ta yi magana kan maganin ƙwarin wake, ta shiga studiyo, ta murɗa makulli, ta saka rahoton daga farko har ƙarshe, manaja yana dukan gilashi da tafin hannu. Ba don Uwani ba, da rahoton bai fita daga durowa ba.

To ga abin da ya biyo baya. Washegari aka karɓe shirin daga hannun Uwani, aka mai da ita ɗakin ajiyar tsofaffin kaset, ta jira takardar sallama. Alhaji Tanimu ya aika wa Nafi'u cewa ya kwashe iyalinsa daga gidan da ya ba shi, kuma ko gawar shi Alhajin aka ɗauko kada ya zo. Sannan, don haushi, ya ƙara jan waya ya rufe sauran burtalin. Da kaka ta zo, matan suka kai zangarniya kamar kullum, amma shanu ba su da ta inda za su bi sai ta cikin gonakin da ba a girbe ba. Aka yi faɗa, aka sare hannun wani manomi, aka ƙone bukkoki biyar, har da ta Goggo Dija. Arɗo ya tambayi kawun Lantana kamar yadda ya ce a tambaye shi, shi kuma ya aiko wa Lantana da saƙo: kada ta sake taka rugar, ko biki ko mutuwa.

A wannan makon ne wasiƙar ƙungiyar ta iso. An yaba wa rahoton, an ce shi ne ya zo na ɗaya, kuma za a riƙa koyar da ɗalibai da shi. Ba a tambayi halin da Gidan Marke take ciki ba. A ƙasa aka rubuta cewa kujera ɗaya ce, fom ɗin layi ɗaya gare shi na suna. Su aiko da sunan mutum ɗaya kafin azahar ta Juma'a, in ba haka ba a ba wanda ya zo na biyu. Uwani ta buga waya ta yi bayani. Wata murya mai ladabi ta ce mata ta fahimta sosai, amma haka tsarin yake.

Ranar Juma'a da hantsi suka haɗu a ɗakin kaset, fom ɗin yana kan tebur, kowa na kallon bango.

Lantana ta ce, "Ni dai dangin uwata na ba da. Ku faɗa mini kasuwar da ake sayo wasu."

Nafi'u ya ce, "Da ban bi fayilolin nan ba, ai hirar mata kika ɗauko. Matata da 'ya'yana yanzu a ɗaki ɗaya suke, gidan surukai."

Lantana ta ce, "Da ba ka sa Baffan naka a ciki ba, da bukkar Goggo tana tsaye."

Nafi'u ya ce, "Da Anti ba ta watsa ba fa?"

Uwani ta kaɗe ƙura daga zanenta ta ce, "Ku ci gaba, ƙannena. Da na yi maganar ƙwarin wakena, da yanzu ɓeraye ne kaɗai suka san hazaƙarku. Ku kuna da sauran shekaru. Ni wa zai ɗauka in na fita daga nan?"

Biro yana kan fom, ladan ya fara gyara lasifika, kuma in suka bar layin nan babu suna, duk abin da suka rasa ya tafi a banza.

To, ni a nan na tsaya. Lantana da ta buɗe bakin mutanen ta rasa danginta, da Nafi'u da ya kafa hujja ya rasa wanda ya rene shi, da Uwani da ta kai rahoton kunnen jama'a ta rasa shirinta: sunan wa za a rubuta a layin nan?