Gwamma Mai Gadin Cikin Barmo

Ga ta nan ta iso ƙofarku!

Ta shigo, mu ba ta tabarma.

Wani mahauci ne, sunansa Barmo. A cikin tumbinsa akwai gari guda, mai ganuwa mai laushi da yauƙi. Mai gadin ganuwar wata tsohuwa ce, Gwamma, masifaffiya ta gaske. Ba wanda ya koya mata aikin, da shi aka haife ta. Duk abin da ya taɓa ganuwa sai ta shinshina shi. In tuwo ne, ya wuce. In fura ce, ta wuce. In cuta ce, ta buga ganga.

Ran nan ƙishi ya kama Barmo a hanyar kasuwa, ya durƙusa ya sha ruwan kududdufi. Ashe a ruwan akwai wata 'yar ƙwayar cuta, Murɗaɗɗiya, wadda ido ba ya gani. Ta kaɗa wutsiya, ta nutse cikin yauƙin ganuwa, ta lafe.

Gwamma ta ji wari. Ta ce, "Ke wace ce?"

Murɗaɗɗiya ta ce, "'Yar gida ce, Iya."

"Ƙarya kike, la'ananniya! 'Yan gida ba su da wutsiya!"

Ta buga ganga, kidim, kidim! Sarkin Yaƙi ya fito da dakarunsa, kowa da wuta a hannu. Suka duba, ba su ga kowa ba. Suka cinna wa ganuwa wuta, suka tafi. Barmo ya dafe ciki, ya ce, "Wash!"

Murɗaɗɗiya ta haihu, ta cika yauƙi da 'ya'ya. Gwamma ta sake buga ganga. Dakaru suka sake ƙona ganuwa. Barmo ya kasa cin yaji, ya kasa ɗaga wuƙa.

A karo na uku ganuwa ta tsage, gyambo ya buɗe. Murɗaɗɗiya tana leƙowa tana dariya.

Gwamma ta tare Sarkin Yaƙi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɓarauniya na kira ku ku kama, ko gidanmu na ce ku ƙone?"

Ya ce, "Ke kika buga ganga. Mu wuta muka iya."

"To, yau ba ku zan kira ba! Barmo da kansa zan kira!"

Ta ɗauki ganga, ta haye bakin gyambon, ta yi ta duka. Ta buga da safe, ta buga da rana, ta buga har Barmo ya faɗi a rumfarsa yana birgima.

Matarsa Ladiyo ta zo a fusace. Ta ce, "Maigida, kullum shan kanwa, kullum shan kanwa! Mutuwa kake jira? Tashi mu je asibiti!"

Likita ya auna shi, ya ba shi magani, ya ce, "Ka shanye duka, ko ka ji sauƙi kada ka bari."

Magani ya sauko ciki, ya yi sallama. Gwamma ta ce, "Sai yanzu? Shiga yauƙin nan, suna ciki!"

Ya shiga ya fatattake su, uwa da 'ya'ya, bai bar ko ɗaya ba. Ganuwa ta warke a hankali. Barmo ya koma rumfarsa, ruwa kuwa sai mai tsabta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta naɗe tabarmarta. Wanda ya yi fushi bai ga abokin faɗansa ba, gidansa zai ƙona. In cikinku ya yi ta kira, yara, ku faɗa wa manya tun da wuri.