Kwaɗo da Dutsen Goge Kaushi

Yau babu Yaya Marka. Ita ke yi muku tatsuniya, ga shi Allah ya karɓi abarsa. Ni ban iya kamarta ba, ku yi haƙuri da ni.

Gatanan gatananku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta, Inna!

Wata yarinya ce, sunanta Kyauta. Tusar jaki ta fito mata a yatsa, ɗan tsiro mai tauri. Yayyenta suka ce, "Ke, cire hannunki daga akushinmu!" Aka koma zuba mata tuwo ita kaɗai.

Ta ɓantare da farce, ya zama biyu. Ta yanke da reza, ya bazu har bayan hannu. Kakarta ta ce, "Kwaɗo kika taɓa. Je ki kashe shi ki warke."

Kyauta ta tafi rafi. Ta ɗauki dutse, ta ɗaga a kan Kwaɗo.

Kwaɗo ya ce, "Tsaya, 'yar nan. Dutsen mene ne wannan?"

"Na goge kaushi ne. Duk mai wanka da shi yake gogewa."

"To kin ji! Mai tsiro ya goga, ke ma kin goga, cuta ta bi tsagar fata ta shiga. Ni da ƙurajena aka halicce ni, ban taɓa shafa wa kowa ba. Amma ko ni ba mai cin abinci da ni."

Kyauta ta ajiye dutse, ta fashe da kuka.

Kwaɗo ya ce, "Share hawayenki. Kar ki ɓantare, kar ki yanke. Ɗaure da ƙyalle mai tsabta, ki nemi dutsenki ke kaɗai. In ya ƙi tafiya, a kai ki asibiti."

Tun daga ranar, bakin rafi take kai tuwonta. Ta ci loma, ta ba Kwaɗo loma. Damina ta wuce, kaka ta wuce, tsiro ya motse ya faɗi.

Yayyenta suka ce, "Kyauta, zo mu ci."

Ta ce, "Da baƙo nake."

Suka dubi Kwaɗo, Kwaɗo ya dube su. Babbar yayar ta yi tsaki, ta matsa gefe ta ba Kwaɗo wuri.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma rafi. Mai ciwo magani yake nema, ba kora ba.

Yanzu ku ɗaga hannuwanku. Allah ya jiƙan Yaya Marka, ya haskaka kabarinta. Ku ce amin.