Saniyar da Mai Walda Ya Ware

Akwai wani mai walda, uban tagwaye, da mahaifinsa ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ya dawo gidansa da zama. Mutanen layi Baban 'Yan Biyu suke kiransa. Matarsa ma haka take kiransa in suna shiri; in ba sa shiri, "kai" kawai yake samu.

Kullum kafin ya buɗe shago shi ke ɗaga tsohon, ya wanke shi, ya canja zanin gado, ya jingina shi da matashi. Daga nan ya tafi ya wuni a tsugune gaban ƙofofin ƙarfe, tartsatsi na huda masa gwiwar wando. Da yamma ya dawo ido jajur, ya sake komawa kan tsohon. Ba ya ƙorafi. Maganar ma gaba ɗaya ya rage ta.

Ciwon ya taɓa maƙogwaron tsohon. Abinci mai tauri ba ya wucewa, mai ruwa-ruwa kuma sai ya ga dama. Abu ɗaya yake buɗe wa baki ba gardama: madarar shanu sabuwar tatsa, a tafasa, a bari ta huce. A gidan kiwo ya tashi, harshensa bai manta ba. In aka dama masa ta gari, kurɓa ɗaya zai yi ya juya fuska bango.

Irin wannan madarar ba a sayar da ita a shagunan gari. Shi ya sa gidaje huɗu na layin suka haɗa ƙarfi suka sayi shanu huɗu, suka ajiye su a wata gona bayan gari, a hannun wani makiyayi da kowa ke ce wa Dattijo. Akwai Malama, mai koyarwa a firamare, ita ta kawo shawarar. Akwai Direba, mai tasi, wanda bakinsa ba ya hutawa. Akwai Inna Tela, bazawara mai riƙon jikoki. Sai mai walda.

Tsarin ba shi da wuya. Ba wanda ke da saniya tasa, kowa kasonsa a cikin garken duka yake. Duk abin da aka tatsa a juye shi a bokiti guda, a tace, a raba daidai. Kowace safiya gida ɗaya ke zuwa gona da galan ɗin kowa, ya rarraba a hanyar dawowa. Ranar Asabar kuma su haɗu duka a can, su ga shanu, su tattauna abincinsu.

Haka aka yi ta tafiya har lokacin da biyu daga cikin shanun suka kusa haihuwa, aka daina tatsarsu. Galan ya fara zuwa rabi. Kafin la'asar tsohon ya shanye kason gidan. Da yamma sai ya kafa wa ƙofar ɗaki ido, duk wanda ya shigo ya duba hannunsa.

Wata safiya da zuwa gona ya faɗo kan mai walda, ya tsaya yana kallon Dattijo na tatsa. Ya ga yawancin abin da ke shiga bokitin daga saniya ɗaya yake fitowa, wata baƙa mai farin goshi da suke kira Mai Tabo. Sai ya tuna shi ya samo ta tun farko, shi ya kawo ta, shi kuma ya ƙera wa garken ƙofa bai karɓi komai ba. Tunanin ya shige masa kamar ɓurɓushin ƙarfe a ido: ƙarami ne, amma ya hana shi ganin komai sai shi.

Ranar Asabar ya bari aka gama gaishe-gaishe, sannan ya ce, "Malama, ni a ware min kasona. Shanu huɗu, gida huɗu. A ba ni Mai Tabo, abincinta a kaina, ku riƙe sauran."

Direba ya bushe da dariya. "Oga, ka iya zaɓe. Me ya hana ka ɗaukar waccan mai kallon mutum kamar ya ci mata dusa?"

Ba wanda ya taya shi dariyar. Malama ta yi bayani a tsanake, irin na aji, cewa ai dalilin haɗakar ke nan, in wata ta huta wata ta ɗauka. Dattijo ma ya sa baki, ya ce Mai Tabo ɗin ita ma da ciki, lokacinta na nan tafe. Mai walda ya ji, amma jin da yake yi wa masu ce masa gobe za su dawo karɓar aiki. Shi yammacin ranar yake tunani, da idon tsohon a kan ƙofa.

Inna Tela ce ta raba gardamar. Ta ce a ba shi, mai jinya ba a ja da shi. Malama ta ɗauki jakarta ta ce to, Allah ya ba Baba lafiya.

Washegari mai walda ya dawo daga gona da galan cike, har da ƙari a wata roba. Tsohon ya sha safe, ya sha yamma. Sai dai cikin tsoho ba ya ƙaruwa don madara ta ƙaru. Tukwane suka cika firij. Tagwayen suka sha har suka fara ɓuya in sun ji ƙarar kofi. Matarsa ta tambaye shi ko wanka za su fara yi da ita. Ta ce a aika wa Inna Tela, tun da jikokinta yanzu ɗan ƙasan galan suke samu. Ya ce a'a, sai ta ga kamar gori ake mata.

Akwai kuma abin da bai lissafa ba. Tun da madararsa ta fita daga bokitin kowa, galan ɗinsa ma ya fita daga zagayen ɗauko. Kowace safiya shi zai hau babur ya tafi bayan gari, ya dawo ya wanke tsohon, sannan ya buɗe shago rana ta take. Wani mai ginin da ya saba ba shi aikin tagogi ya gaji da jira, ya kai wa wani. A ƙofar gona yakan haɗu da wanda ranarsa ce. Gaisuwa ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma ɗaga hannu.

Ana nan, madarar Mai Tabo ta fara ja baya. Wata rana Dattijo ya ce masa lokaci ya yi, dole a bar ta ta huta, in aka ci gaba da matsa mata za a cutar da ita da abin da ke cikinta. Mai walda ya roƙi a ƙara masa 'yan kwanaki. Dattijo ya ƙara. Daga baya ya daina tatsarta, ya wanke robar tatsar, ya kife ta a kan shinge.

Mai walda ya ce to a sayar masa daga bokitin sauran, tun da ɗaya daga shanunsu ta haihu, an soma tatsarta. Dattijo ya ce ba tasa ba ce balle ya sayar, masu ita kuma ai mai walda ya san gidajensu.

Bai je gidajensu ba. Ya sayo ta gari mai tsada, ya dama da kansa, ya juye a galan ɗin gona, ya shiga da ita ɗakin yana wani buga ƙafa kamar yanzu ya sauka daga babur. Tsohon ya kurɓa, ya riƙe ta a baki, ya bar ta ta zubo ta gefen da ya shanye. Bai yi fushi ba. Kallon ɗansa kawai ya yi, ya rufe ido.

Aka gwada ta gwangwani, aka gwada romo, aka gwada duk abin da likita ya ambata. Cokali biyu, sai ya datse baki. Wata safiya mai walda ya sa hannu zai ɗaga shi kamar kullum, sai ya ji ya taso ba wuya, ba nauyi, duk ya rame. Rabonsa da ya ji bayansa bai amsa ba wajen ɗaga tsohon, har ya manta. Ya zaunar da shi a hankali, ya fita tsakar gida ya tsaya.

Matarsa na wanke-wanke, ba ta ɗago ba ta ce, "Baban 'Yan Biyu, yau Asabar. Ko ka je ko in je. Ni dai ba zan zauna ina kallonsa haka ba."

Ya same su duka a rumfar gona, Dattijo na tace madara. Ya yi sallama, aka amsa. Ya tsaya daga bakin rumfar, galan a bayansa kamar wani zai ce bai gani ba.

"Na zo ne in mayar da Mai Tabo garke," ya ce.

Direba ya juyo gaba ɗaya. "Sai da ta ƙafe? Ka sha lokacin daɗi kai kaɗai, yanzu mu taya ka ciyar da ita tana kwance, a kuma raba 'yar wannan gida huɗu? Oga, ko a tasi ba a yi min irin wannan."

"Gaskiyarka," in ji mai walda. "Ba ni da ta cewa. Baba ne ya daina ci."

Inna Tela ta tambaye shi tun yaushe. Da ya faɗa, ta dafe ƙirji, ta hau shi da faɗa kamar ɗan da ta haifa: wane irin mutum ne shi, gida nawa ne tsakanin gidanta da nasa, in shi kunya yake ji matarsa ba ta da ƙafa ne? Ya sunkuyar da kai ya sha faɗan. A ransa ma daɗinsa ya ji.

Malama ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi masa ciwo. Ta ce ita ba ta ƙi ba, amma in saniya za ta dawo, gaba ɗayanta za ta dawo, da ita da abin da ke cikinta. Mai walda ya waiwaya ya dubi Mai Tabo. Ya daɗe yana ɗora buri a kan wannan maraƙin, ko matarsa bai faɗa wa ba. Ya ce ya yarda.

Direba ya ce shi dai bai yarda ba, an fi shi yawa ne. Ya zuba ido Dattijo ya jera galan huɗu, madarar da a da takan kusa cika uku ta tsaya a tsakiyar kowanne. Ya ɗauki nasa ya ɗaga sama ya duba, ya yi tsaki, ya nufi motarsa. Sai da ya tayar da ita ya leƙo ta taga.

"Gobe ranata ce. Ka ajiye min galan a ƙofa. Kuma a wanke shi da kyau, ba na sa abu mai ƙarni a motata."

A gida matarsa ta tafasa madarar, ta yi ta juya ta tsakanin kofi biyu har ta huce. Mai walda ya tallafo kan tsohon ya kai masa baki. Tsohon ya shinshina tukuna, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya buɗe. A hankali yake haɗiya, yana hutawa, yana komawa. Bai shanye ba, ya dai wuce rabi, barci ya ɗauke shi.

Mai walda ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, da niyyar ya ɗan huta ya tafi shago. Da matarsa ta leƙo, ta tarar da shi baki buɗe, rana tsaka, kofin na shirin suɓucewa daga hannunsa. Ta zare shi a hankali, ta ja ƙofa, ta gaya wa tagwayen duk wanda ya yi ƙara da ita zai haɗu.

Darasi: In kuna tarayya da mutane a kan abu, kada ka tsame naka ranar da ya fi na kowa albarka, domin akwai ranar da zai tsaya, kuma ranar nan na wasu ne zai riƙe ka. Wanda kuma ya yi kuskure ya dawo, a karɓe shi ko da zuciya ba ta gama hucewa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan haɗaka, wataƙila akwai wanda yake gab da cewa a ware masa nasa.