Kwanon da Ya Fita Babu Komai a Ciki

Akwai wani malamin makaranta a Hadejia mai suna Irmiya. Iyayensa 'yan kudancin Kaduna ne, amma shi a Hadejia aka haife shi, a nan ya yi aure. Lissafi yake koyarwa a wata sakandare. Ku riƙe wannan, jama'a, domin lissafin ne ya kayar da shi.

Irmiya bai iya zama wuri guda ba. Ko a aji yana magana yana kai da komo, alli na karyewa a hannunsa. Da shekarun 1980 suka zo ƙarshe, naira ta fara narkewa, albashi ya daina kaiwa tsakiyar wata, sai rashin natsuwar tasa ya ƙaru. Kullum kunnensa na kan rediyo, bakinsa na kan maganar fita waje.

Abu ɗaya ne yake zaunar da shi: ciyayya. Kowace yamma, idan maƙwabtansa sun idar da sallar magariba, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Tukur, kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a haɗu a ci. Tukur Bafulatani ne da ya zauna gari, shanunsa na can wajen Kaugama, don haka ba a rasa nono da man shanu a kwanonsa. Umara Babarbare ne, fataucin kifi yake yi daga Baturiya, miyarsa ba ta rabo da tarwaɗa. Shi kuwa Irmiya, matarsa Laraba ta iya tuwon acca, har Umara yakan ce don tuwon nan kaɗai yake jure zama da Bafulatani. Tukur ya ce ai Babarbare in ya ga abincin banza ba ya tuna gida. A yi dariya, a miƙa hannu.

Rannan aka amsa wa Irmiya takardar neman aikin da ya aika ƙasar waje. Wata ƙasa can kudancin Afirka tana neman malaman lissafi, kuma ta ɗauke shi.

Ya zauna ya juya albashin can zuwa naira, sai ya ga kuɗin da bai taɓa mafarkin riƙewa ba. Inda ya yi kuskure, albashi ya lissafa da kuɗin can, cefane kuwa ya lissafa da farashin Hadejia. Ya manta cewa rabin abin da ke shiga cikinsa a Hadejia bai taɓa saye ba.

Da yammar nan ya fito tabarma, amma ya ƙi zama. Yana tsaye, hannu a aljihu.

"Malam Irmiya, zauna mana, tuwo zai huce," in ji Tukur.

"Malam Tukur, ni fa zaman tabarma ya ishe ni. Shi ya hana mu ci gaba. A can kowa da teburinsa, da farantinsa, da cokalinsa. Ba mai jiran kwanon wani."

Umara ya tsayar da lomarsa. "To, Allah ya kai ka lafiya, Malam. Mu dai da hannu muka iya."

Maganar ta yi wa Tukur ciwo, amma ya haɗiye ta tare da tuwon.

Ana gobe zai tafi, Irmiya ya kira matarsa.

"Maman Dibora, daga ranar da na tafi kada ki ƙara fitar da kwano. Ba na nan, wa za ki ciyar? Kuɗi zan riƙa aiko muku, ba ku bukatar kowa."

Laraba ta ce, "Na ji, Baban Dibora." Ku lura, na ji ta ce, ba ta ce zan yi ba.

Irmiya ya sauka a wani gari mai tsabta, mai titi shimfiɗe. Aka ba shi ɗaki a gidajen malamai. Ya yi murna, har wata ya ƙare. Aka cire kuɗin ɗaki. Aka cire haraji. Takardar wuta ta zo, ta ruwa ta biyo. Ruwan da yake ɗiba kyauta a rijiyar Tukur, ga shi ana auna masa shi kamar man gyaɗa. Ya shiga kanti neman kifi, ya ga farashin, ya mayar da shi a hankali kamar ƙwai. Da sanyinsu ya shigo, sanyin da ke zuwa lokacin da Hadejia ke cikin damina, ya sayi bargo da riga mai nauyi da na'urar ɗumama ɗaki, ita ma ta shiga shan wuta ba ji ba gani.

Watan farko ya ce na gaba zai aika. Na gaba ya aika abin da shi kansa ya ji kunyarsa. Daga nan sai a yi watanni shiru.

Amma ba tsadar ce ta fi cin ransa ba, yammaci ne. Malaman da ke kewaye da shi baƙi ne daga ƙasashe daban-daban, kowa na tattalin abin da zai kai gida, kowa ya rufe ƙofarsa. Ga tebur, ga faranti, ga cokali, duk yadda ya faɗa. Sai ya zauna ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo. Wata rana ya dafa shinkafa, ya zuba a kwano, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa. Mutumin ya karɓa da fara'a, ya shiga ciki, ya fito yana buɗe jakar kuɗi yana tambayar nawa ne. Irmiya ya koma ɗaki, abincin nasa ma ya kasa ci.

A Hadejia kuwa, Laraba ba ta fasa fitar da kwano ba. Kowace yamma takan miƙa shi ta kan katanga ga Hajja, matar Tukur, Hajja ta haɗa da na mijinta a fitar.

"Maman Dibora, mai gidan ba ya nan, me ya sa kike wahalar da kanki?" Hajja ta taɓa tambayarta.

"Hajja, in kwanon ya daina fita, wurinsa a tabarmar zai rufe. Mutum ne da zai dawo."

Sai wata damina kogi ya cika ya tumbatsa, ya shanye shinkafar da Laraba ta noma a fadama. Kuɗi ba su zo ba. Ta sayar da keken ɗinkinta, ta sayar da awakinta. Tuwon kwanon ya fara raguwa, miya ta koma ruwa. Ranar da buhu ya ƙare ƙaf, ta dafa wa 'ya'yanta ɗan kunun da ya rage, sannan ta tsaya tana kallon kwanon ciyayya. Ta ɗauka ta ajiye. Ta shiga ɗaki ta fito. Kiran sallar magariba ya tashi, hankalinta ma ya tashi. In ba ta miƙa ba, wurin mijinta ya tafi. In ta miƙa, asirinta ya tonu.

Ta wanke kwanon tas, ta rufe shi da murfi, ta miƙa ta kan katanga babu komai a ciki.

Hajja na karɓa ta ji rashin nauyinsa. Ba ta ɗaga murfi ba, ba ta ɗaga ido ba. Ta ce, "Sannu da aiki, Maman Dibora," ta wuce.

A tabarma Tukur ya ɗan ɗaga murfin, ya mayar. Ya dubi Umara. Umara ya miƙa hannu ya ɗaga kwanon, shi ma ya gane. Bafulatani da Babarbare, ranar ba a yi tsokana ba. Tukur ya juye rabin tuwonsa a ciki, Umara ya tsamo manyan kifayen miyarsa ya ɗora.

Kwanon ya koma wa Laraba da nauyi. Hajja ta ce, "Yau mazan ba su da yunwa, ragowa ce." Laraba ta zauna a gindin katanga ta yi kuka mai isarta.

Haka aka yi ta yi har sabuwar shinkafa ta shigo. Ba wanda ya taɓa ambata maganar a unguwa.

Kwantiragin Irmiya ya ƙare, ba a sabunta ba. Ya tafi Hadejia tana Jihar Kano, ya dawo ya tarar da ita a Jihar Jigawa. Kayansa duka akwati ɗaya ne, da bargon nan, da rigar sanyin da ba ta da amfani a zafin Hadejia. Ya shigo unguwa da rana tsaka, lokacin da ya san kowa na kasuwa.

Ya ga 'ya'yansa sun girma, ba alamar yunwa a jikinsu. Ya ga babu keke, babu awaki.

"Maman Dibora, da me kuka rayu?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

Da yamma ta yi, Irmiya ya shiga kai da komo a tsakar gida. Yana jin ana kakkaɓe tabarma. Ya je bakin ƙofa ya juyo. Kunya ta kama shi yadda bai taɓa ji ba. Laraba ta zuba tuwon acca a kwanon nan, ta rufe, ta nufi katanga yadda ta saba.

"Kawo," in ji shi. Ta miƙa masa.

Ya fita da kwanon a hannu biyu. Ya tarar da su zaune, tsakanin Tukur da Umara akwai fili daidai zaman mutum ɗaya. Ya durƙusa ya ajiye kwanon.

"Malam Tukur, Malam Umara, na faɗi magana a nan wurin..."

"Malam," Umara ya katse shi, "da hannu za ka ci, ko a aika kasuwa a sayo maka cokali?"

Irmiya ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Tukur ya tura masa butar ruwa.

"Kwanon nan bai yi fashi ko rana ɗaya ba, Malam Irmiya. Mai shi ne kawai ya makara. Wanke hannu."

Irmiya ya wanke hannu, ya zauna. Ranar har aka naɗe tabarma bai motsa daga wurin ba.

Darasi: Kafin albashin wata ƙasa ya ruɗe ka, ka lissafa abin da mutanenka ke yi maka wanda ba ka taɓa biya ba, domin a can sai ka saye shi, wani kuma ko da kuɗinka ba za ka samu ba. Fita neman halal ba laifi ba ne, amma kada ka wulaƙanta tabarmar da ka tashi a kai, wataƙila ita za ta ciyar da iyalinka bayanka. Ku tura wannan labari ga ɗan'uwan da ke shirin tafiya, da wanda ya daɗe a can bai waiwayo gida ba.