Igiyar Shanyar Gwamma

"Wai ku mutanen Gungun Kwasau, duk faɗin tsibirinku ba ku da wurin shanya sai kan jirage?"

Wani falken gishiri ne ya yi wa mijina Jatau wannan tambaya, ranar da aka kawo ni gungun ina amarya. Jatau ya ce, "Harkar mata ce, baƙo," ya ci gaba da tuƙi. Na leƙa ta ƙarƙashin mayafi, na ga jirage sun fi arba'in a gaɓa, kowanne da igiya daga hancinsa zuwa turke, kowace igiya da zane ko wando yana lilo. Ban tambayi kowa ba. Sai bayan wata uku kakar mijina, Kaka Tasalla, ta ba ni labarin a wurin wanki. Maza suna da nasu da suke faɗi da kiɗa. Wannan na mata ne.

A zamanin da kifin Tafkin Baƙin Ruwa bai san ƙugiya ba, kadoji suna shan hantsi har ƙofar gari, an yi wani maharbi a gaɓar gabas mai suna Kwasau. Tsawonsa kamu biyar, bakansa na ƙahon ɓauna. Ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, kuma abin da ya fita bakinsa ba ya komawa. Maroƙa kan ce masa, "Kwasau mai magana ɗaya! Dutse a ruwa, ba ka jin sanyi! Ka faɗa ta zauna, na Gwamma!" Gwamma matarsa ce, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo.

Wata shekara wata farar dorina ta addabi mutane. An ce girmanta ya kai rumbu uku, takan cinye gonar shinkafa ta kora da rafin da ke gefenta. Kwasau ya rantse a gaban jama'a ba zai sake kwana a ɗakinsa ba sai ya kawo haurenta. Ya ɗauki babban jirgin gari, da magidanta bakwai da iyalansu, da guzurin wata uku. Kwana tara suna bin kumfar numfashinta, har suka isa wani gungu da ba kowa a cikinsa sai tsuntsaye da giginya da maɗaci. Gaɓarsa dutse ce a tsaye, ba a iya jan jirgi zuwa tudu.

Jama'a suka haye neman itace. Kwasau ya ce shi zai ɗaure jirgi da hannunsa. Ya hangi wani farin turke mai lanƙwasa ya fito daga ciyawar ruwa, ya yaba kyansa, ya yi masa ƙulli uku, ya hau tudu. Ashe hauren dorinar ne, tana barcin rana. Da ta farka ta yi hamma, ta kama gabanta, jirgi yana biye da ita da hatsi da tukwane da takalman Kwasau. Ba wanda ya gani sai shi, sai kuma Gwamma da ke bayan wata giginya, shi bai san tana nan ba.

Magidanta suka dawo. Babbansu, Nomau, ya ce, "Maigida, ina jirgi?"

Kwasau ya ce, "Ni na sake shi."

"Har da hatsin?"

"Har da hatsin. Namiji ba ya ɗaure jirgi. Jirgin da yake naka zai tsaya. Wanda ya tafi, dama ba naka ba ne."

Can Nomau ya kaɗa kai ya ce, "Kai, wannan magana ta manya ce."

Haka aka kafa garin, da kifi da muruci. Suka sari maɗaci suka sassaƙa jirage, amma ba mai ɗaurewa, domin wanda ya ɗaure ya ƙaryata Kwasau. Suka sa doka: namijin da aka kama yana ɗaure jirgi, a cire masa hula a bainar jama'a, a riƙa kiransa mai igiya har jikokinsa. Mutum ya yi wata biyu yana sassaƙa, ya wayi gari ya tarar da ruwa zalla, ya gyara murya ya ce, "Ni na sake shi." A ce masa, "Madalla, namijin duniya." Mutanen gaɓar yamma, inda iska ke kai jiragen, suka yi arziki, har suna yanka wa aljanun ruwa zakara don godiya.

A shekara ta huɗu maɗaci ya ƙare. Jirgi ɗaya ya rage, na Kwasau. Damina ta matso, ba iri, ba gishiri, kuma ba a tsallaka tafki sai iskar bazara ta kwanta. In jirgin nan ya tafi, gungun ya mutu. In Kwasau ya ɗaure shi, maganarsa ta mutu.

Sai ya je ya zauna a kan dutse, ya zura ƙafa ɗaya cikin jirgin ya danne, ruwa yana dukan ɗayar. Nomau ya zo wucewa ya ce, "Maigida, lafiya?"

"Wanke ƙafa nake."

Kwana uku yana wanke ƙafar nan. Ta yi fari ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa. In gyangyaɗi ya ɗauke shi jirgi ya motsa, sai ya zabura ya ce kifi ne ya cije shi. Duk gari ya taru a tudu ana yabon tsabtarsa, kowa idonsa na kan jirgin.

Rana ta uku da hantsi Gwamma ta sauko da ƙwaryar wanki da doguwar igiya. Ta kafa turke a tsagar dutse, ta durƙusa.

"Sannu, maigida. Ƙafar ba ta fita ba har yanzu?"

"Dauɗar farauta ce, Gwamma. Ta daɗe."

"Haka ne. Ni kuwa shanya zan yi, na rasa inda zan maƙala ɗaya bakin igiyar. Ko za ka ara mini hancin jirginka?"

Kwasau ya daɗe yana duban sama. Sa'annan ya ɗaga murya yadda na tudu za su ji. "Ni ban san harkar shanya ba. Abin mata ne."

Ta yi ƙulli uku, ta rataya wandonsa a tsakiya. Da za ta tashi ta rage murya ta ce, "Na duba turken nan da kyau. Ba ya hamma."

An ce Kwasau bai taɓa duban mutum ya sunkuyar da kai ba sai ranar. Ya zare ƙafa, ya ɗingisa gida, ya yi barcin kwana biyu. Da iska ta kwanta jirgi ya je ya kawo iri. Dorina kuwa ba a sake ganinta ba, amma rantsuwarsa ba ta karye ba, tunda bai sake kwana a tsohon ɗakinsa ba.

Har yau haka ake yi. Ba a kai amarya gungun sai da igiya a cikin kayanta, kuma ba a barin igiyar jirgi ba tufa, ko da hular jariri ce. Namiji in ya sauka sai ya tsaya yana duban sama har matarsa ta gama shanya.

Ni 'yar tudu ce, ban iya ƙulli ba. Kullum nakan ɗaure jirgin Jatau ina fargaba, kullum kuma sai in tarar da ƙullin ya fi yadda na bar shi. Shekaranjiya na yi sammakon ɗiban ruwa, sai na hangi surukina, Sarkin Ruwa Barmo, wanda shi ke cire wa mai laifi hula. Ya tsuguna yana kwance ƙullina yana sakewa, yatsunsa na gudu kamar na masaƙi. Wannan hannu ba jiya ya koya ba. Ya ɗago, muka haɗa ido.

Ya ce, "'Yata, zanenki ne ya faɗi."

Zanen yana nan a rataye. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba." Na ɗauki tuluna na wuce. Ba zan gaya wa kowa a gungun nan ba, har Jatau.