Kurege da Tukunyar Dambu

Ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani Kurege mai gonar gyaɗa, rago na ƙarshe, ga shegen ci. Damina ta janye, ƙasa na shirin bushewa, gyaɗa na jiran cira. Matarsa Delu ta ce, "Maigida, ka kira gayya. Zan yi dambu, amma tukunya ɗaya ce, tsakin da ya rage mana ke nan."

Kurege ya haɗiye yawu. Duk duniya ba abin da yake so kamar dambun Delu, mai zogale da ƙuli.

Ya zauna yana lissafi. "In ni kaɗai ne, aikin wuni huɗu, tukunya tawa. In na kira Bushiya, wuni biyu, rabin tukunya. In na ƙara Zomo da Gafiya, wuni ɗaya, amma kashi ɗaya cikin huɗu. Kai! Aiki na raguwa, dambu na raguwa."

Can sai ya yi tsalle. "Tururuwa! Ga hannu birjik, ga ciki kamar ƙwayar gero!"

Ya je gidan tururuwa ya yi sallama. Suka fito, suka fito, suka yi ta fitowa. Kafin rana ta yi zafi gyaɗa ta zama tsibi. Gogan naku yana inuwa yana kaɗa jela.

Delu ta sauke tukunya. Sarkin tururuwa ya ce, "Uwargida, kin san al'adar gayya. Kai ake ƙirgawa, ba ciki ba."

Kurege ya zabura. "Haba, ranka ya daɗe! Dubi girmana!"

"Mun gani. Kai ɗaya gare ka."

Delu ta shiga rabo. Wannan ƙwaya, wannan ƙwaya, wannan ƙwaya. Tururuwa suka yi godiya, suka ce wallahi sun ƙoshi har da guzuri. Da layi ya zo kan Kurege, ta ɗora masa tasa ƙwayar a tafin hannu. Ya jefa baki, ta maƙale a haƙori. Delu ta yi dariya har da hawaye, ni ma kuwa ban ji tausayinsa ba.

To yara, in abu ɗaya za a raba, aiki ne ko abinci, duk ninkin masu rabo sai kason kowa ya ragu. Kurege ya guje wa gumi, ya wuni yana sakace.

Ƙurunƙus kan kurege, kowa ya nemi tabarmarsa.